ABIN HAWA MAI ƘAFA ƊAYA: YADDA YA KE JUYAWA DA YADDA YA KE TSAYAWA

Darasi domin Hakimai da Malamansu

 

Ko wane baƙon abin hawa da ya taɓa shigowa ƙasar Kano, da kallo aka tarbe shi. Haka aka yi da jirgin ƙasa sa'ad da ya iso cikin 1911, haka aka yi da jirgin sama sa'ad da ya fara sauka cikin 1925, haka kuma da keke da babur da mota. Bayan kallo sai sha'awa, bayan sha'awa sai saye. Daga nan sai ƙara ta iso ƙofar gidan Hakimi, a ce an buge yaro a bakin lungu, ko an karya ƙafar tsohuwa a hanyar kasuwa.

Akwai wani abin hawa mai inji wanda ƙafa ɗaya tak gare shi. Samari suna ganin hotunansa masu motsi cikin wayoyinsu. Muna da fatake masu zuwa ƙasar Sin da Dubai sayo kaya, muna kuma da makanikai da masu walda waɗanda in sun ga abu sau ɗaya sai su zauna su kwaikwaye shi. Saboda haka ya kamata shugaban jama'a ya san halin wannan abu tun kafin a tambaye shi a kansa.

Hakimai mahaya ne. Sun sani ranar hawan Salla, in za a yi jafi, ko wane doki ya iya sukuwa. Wanda a ke yabo shi ne wanda in an ja masa linzami ya ke tsayawa cik. Da wannan ma'auni za mu auna abin hawa mai ƙafa ɗaya: yaya ya ke juyawa, yaya kuma ya ke tsayawa?

1. IRI BIYU NE

Na farko za mu kira shi mai zobe. Ƙafarsa ƙatuwar taya ce kamar zobe, tsawonta ya kai na mutum ko ya fi. Matuƙi yana zaune a cikinta, shi da injin, bisa wani ƙarfe na ciki. Wannan ƙarfe yana dafe da zoben ta waɗansu ƙananan tayoyi, don zoben ya riƙa juyawa, matuƙi kuwa yana nan zaune daga ƙasa.

Na biyu za mu kira shi mai likkafa. Ƙaramar taya ce, girmanta kusan na tayar babur. Injin lantarki yana cikin cibiyarta, batir yana cikin akwatin da ya rufe ta. Dama da hagu akwai wurin ɗora ƙafa kamar likkafa, mahayi yana tsaye bisa kansu. Ba shi da sitiyari, ba shi da birkin hannu ko na ƙafa. Akwai ƙanensa wanda a ke ɗora allo bisa faffaɗar taya ɗaya, mutum ya tsaya a karkace, ƙafa ɗaya gaban tayar, ɗaya bayanta.

Mai zobe tsoho ne, kuma shi ne wanda mai walda zai iya haɗawa da injin babur. Mai likkafa sabo ne, shi ne wanda ɗan kasuwa zai iya shigowa da shi cikin kwali.

2. DARASIN DUWATSUN MURHU

Ko wace mace ta san tukunya ba ta zama sai bisa duwatsu uku. In an cire ɗaya ta tuntsure gefe, in an cire biyu ta faɗi ko ta ina. Haka abin hawa ya ke. Mota ƙafa huɗu gare ta, A Daidaita Sahu uku. In an kashe su suna tsaye abinsu. Babur da keke ƙafa biyu gare su. Suna iya faɗuwa dama ko hagu, amma ba su cika kifewa gaba ko baya ba, gama tayar gaba da ta baya suna tokare da juna. Mai ƙafa ɗaya kuwa wuri ɗaya kaɗai ya ke taɓa ƙasa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Tuƙi, da juyawa, da tsayawa, duk a wannan ɗan wuri su ke.

Wani zai ce, ai baro ma ƙafa ɗaya gare shi, ga shi kullum ana dakon kaya da shi a Kasuwar Kurmi. Gaskiya ne. Amma a duba da kyau: tayar baro ɗaya, ƙafafun mai turawa biyu, sun zama uku. Mai baro shi ne sauran duwatsun murhun. Da hannuwansa ya ke juya shi, da dugadugansa ya ke tsai da shi.

To, me ya ke hana taya ɗaya faɗuwa in ba mai riƙe da ita? A dubi yaro mai wasan gare-gare. Muddin tayar tana gudu tana tsaye. Da ta rage gudu sai ta fara tangaɗi, sa'an nan ta kwanta. Haka katantanwa in yara sun murza ta. Abu mai juyawa da sauri yana ƙin a karkata shi, kuma in ya karkata yana gudu, sai ya bi wajen karkatar ya sake miƙewa. Watau gudu ne ke riƙe da shi. Nan ne wahala ta farko ta ke: wurin da ya kamata a tafi a hankali, nan ne wannan abu ya fi rashin natsuwa.

3. YADDA YA KE JUYAWA

Mota tana juyawa domin tayoyin gaba suna karkata su bar na baya. Babur yana juyawa da kansa da kuma kwanciyar mahayi. Mai ƙafa ɗaya ba shi da tayar gaba da za a murɗa. Abin da ya rage masa shi ne kwanciya gefe.

Malami ya gwada wannan a ofis. Ya ɗauki tsohon kwabo ya gara shi bisa daɓe. In ya tafi a miƙe zai bi layi sosai. In ya ɗan kwanta hagu, zai yi ta kewayawa hagu har ya faɗi. Ko ya kwantar da bokiti ya tura shi, zai ga yana lanƙwasawa wajen gindinsa, inda ya fi ƙanƙanta. Taya mai zagayayyen baya, in ta kwanta gefe, haka ta ke yi.

Saboda haka matuƙin mai zobe, in yana so ya bi hagu, sai ya jefa nauyin jikinsa hagu. Amma zoben babba ne, mai nauyi kuwa, kuma gwargwadon gudunsa gwargwadon taurin kansa. In yana tafiya a hankali yana jin maganar matuƙi, sai dai yana neman faɗuwa. In yana gudu ba ya faɗuwa, sai dai ba ya jin magana; kwanar da zai sha tana bukatar fili mai faɗi. Waɗansu matuƙa su kan ja ƙafa a ƙasa don su karkata shi, abin da ba ya yiwuwa sai a ƙaramin gudu. Ga kuma wani aibi: zoben yana wucewa daidai gaban fuskar matuƙi, yana tare masa tsakiyar hanya, yana kuma watso masa ƙura da taɓo.

Mai likkafa ya fi shi jin magana, gama ƙarami ne. A ƙaramin gudu mahayi ya kan murɗa ƙugunsa, tayar ta bi. A babban gudu ya kan danna likkafa ɗaya, tayar ta kwanta. Gwani yana iya juyawa a wuri ƙanƙane. Amma injin ba ya taimakon mahayi wajen dama da hagu ko kaɗan; wannan aikin ƙafafunsa ne, kuma ba a koyonsa rana ɗaya. In gudu ya yi yawa, ko ƙafafu sun gaji, tayar ta kan kama rawa tsakanin ƙafafun mahayi, rawar tana ƙaruwa har ta yar da shi.

4. YADDA MAI ZOBE YA KE TSAYAWA

Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a fahimta sosai.

In direban mota ya taka birki, ƙarfin tsayawar yana neman kifar da motar gaba, sai tayoyin gaba su tokare. Mai zobe ba shi da abin tokarewa. Matuƙi da injin suna rataye ne cikin zoben kamar yaro bisa lilo. Nauyinsu kaɗai ke riƙe da su a ƙasa.

In matuƙi ya ba da wuta, injin yana tura zoben gaba, shi kuma ya ɗan haura ta gaban zoben, yana jingina da baya. In ya kama birki, ya liƙa mazauninsa ke nan da zoben da ke juyawa. Sai zoben ya ja shi baya, ya ɗaga shi sama, fuskarsa ta sunkuya ƙasa. In birkin kaɗan ne, nauyinsa zai rinjayi zoben, gudu ya ragu sannu a hankali. In kuwa ya danna birkin gaba ɗaya, kamar yadda ko wane mutum ya kan yi in yaro ya faɗo gabansa, to, zoben zai ɗauke shi ya kewaya da shi, kai ƙasa ƙafa sama, yana adungure a ciki, abin kuwa yana ci gaba da garawa ba mai sarrafa shi.

Ma'anar wannan ita ce, ko an sa wa mai zobe birkin babbar mota, ba zai tsaya fiye da yadda nauyin matuƙi da injin suka yarda ba. Ƙarin ƙarfin birki ƙarin haɗari ne. Haka kuma in ya zo hawa tudu, ko tayar ta kafe cikin yashi: zoben ya tsaya, matuƙi ya yi ta haurawa a ciki. Wannan aibi daga asalin ƙirar ya ke, gwanintar maƙeri ba ta kau da shi.

5. LABARIN WAƊANDA SUKA GWADA

Turawa sun daɗe suna fama da wannan dabara. Tun cikin 1869 wani Bafaranshe mai suna Rousseau, mutumin Marseille, ya ƙera mai zobe wanda ƙarfin mutum ke tafiyar da shi, ba inji. Cikin shekarun 1920 wani mutumin Milan ta ƙasar Italiya, Davide Cislaghi, ya yi mai inji, aka kira shi Motoruota.

Wanda ya fi suna shi ne na Dokta John Archibald Purves na Ingila, mai suna Dynasphere. Ya yi rajistar dabararsa cikin 1930, aka gwada abin cikin 1932 bisa rairayin bakin teku kusa da Weston-super-Mare, aka kuma nuna shi a filin tseren motoci na Brooklands. Tsawonsa ƙafa 10, watau kamar mita 3. Nauyinsa wajen kilo 450. An yi shi da faɗi, kamar ƙwallon da aka yanke gefunansa biyu, don kada ya faɗi in ya tsaya, an kuma yi masa saƙar ƙarfe mai ƙofofi don matuƙi ya riƙa hango hanya ta tsakaninsu. Ya yi gudun mil 25 zuwa 30 cikin awa. Mai shi ya ɗauka shi ne motar gobe. Amma wajen juyawa sai matuƙi ya leƙo waje ya rinjayar da shi da jikinsa, wajen birki kuma ga adungure. Bai shiga kasuwa ba.

A Amurka wani maƙeri na jihar Michigan, Kerry McLean, ya yi shekaru da yawa yana ƙera irinsu. Cikin 2001 ya yi gudun mil 57 cikin awa. Ya kuma haɗa wani da injin mota. Wannan ya kama tangaɗi da shi bisa hanya ya kayar da shi, Allah ya sa da sauran kwana. Cikin 2019 wani Bature, Mark Foster, ya kai kimanin kilomita 117 cikin awa a Elvington ta Ingila.

A lura da wuraren da a ke yin waɗannan gwaje-gwaje: bakin teku, filin tsere, filin saukar jirgin sama. Duk wurare ne shimfiɗaɗɗu, miƙaƙƙu, ba kwana, ba jama'a. Fiye da shekara 150 ke nan ana gyara wannan ƙira, har yanzu a wajen wasa da tsere da nune-nune ta tsaya.

6. MAI LIKKAFA DA LINZAMINSA NA ƁOYE

Cikin 2001 aka fito da Segway a Amurka, mai ƙafa biyu gefe da gefe, wanda ke daidaita kansa. Wajen shekara 10 bayan haka Shane Chen ya fito da Solowheel, mai ƙafa ɗaya, bisa wannan dabara. Yanzu galibinsu a ƙasar Sin a ke ƙera su.

Ga yadda ya ke aiki. Cikinsa akwai ɗan ma'auni mai jin karkata, da ƙaramar kwamfuta mai duba ma'aunin sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. In mahayi ya sunkuya gaba, watau ya fara faɗuwa gaba, sai injin ya ruga da tayar ta shiga ƙarƙashinsa. In ya jingina baya, injin ya ja da baya, gudu ya ragu. Kamar yaro ne mai ɗora sanda a tsaye bisa tafin hannunsa: duk inda sandar ta karkata sai ya bi ta da hannu.

Dabara ce mai ban sha'awa, amma a lura da abin da ke cikinta. Injin da ke tafiyar da abin, shi ne birkinsa, shi ne kuma mai hana mahayi kifewa. In babur ya mutu ana tafiya, zai gangara ya tsaya. In mai likkafa ya mutu ana tafiya, mahayi zai tafi da fuska ƙasa nan take. Ba sai ya lalace ba ma. In an nemi ƙarfin da ya fi nasa, ko don batir ya yi ƙasa, ko mahayi mai nauyi ne, ko ana hawan tudu, ko an faɗa rami ana tsakar gudu, injin zai kasa cim ma jikin mahayi. Masu ƙera su sun sa musu gargaɗi: ya kan yi ƙara, ya kan kuma ɗaga gaban likkafa don mahayi ya sassauta. Saurayi mai ɗoki ya kan ƙi ji.

Cikin watan Satumba 2023 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, tare da kamfanin Future Motion, suka yi shelar gyara ko maido da allon hawa mai suna Onewheel guda 300,000. An kawo rahoton mutuwar mutum 4 tsakanin 2019 da 2021, duk daga buguwar kai. Aƙalla 3 daga cikinsu ba su sa hular kwano ba.

7. ƊAN LISSAFI DOMIN MALAMAI

Mai tafiyar kilomita 30 cikin awa yana cin mita 8 da 'yan kai ko wace daƙiƙa. Tsakanin ido ya ga haɗari da jiki ya motsa, daƙiƙa guda ta kan wuce. Ke nan ya ci mita 8 tun bai fara tsayawa ba. Bayan haka, nisan da birki ke ci ba ya tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu, in ya ninka uku, nisan ya ninka tara. Wannan doka ta hau kan ko wane abin hawa, amma ta fi tsanani ga wanda birkinsa ke da iyaka tun asali.

Malami ya fita da igiyar awo ya auna mita 8 a lungun da ke bayan ofishinsa, ya ƙirga ƙofofin gida nawa ke buɗewa cikin wannan tazara.

8. CIKIN GANUWA

Birnin Kano an gina shi domin mai tafiya a ƙasa, da jaki, da doki. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ganuwa, Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Muhammadu Rumfa. Ko da ya ke an faɗaɗa manyan hanyoyin da suka shigo ta Ƙofar Mata, da Ƙofar Nasarawa, da Ƙofar Kabuga, da an ratse daga kwalta sai lungu. Ga abubuwan da mai ƙafa ɗaya zai tarar:

(a) Kwana mai kaifi. Lungu ya kan karye ba zato, katanga ta tare gani. Mai zobe ba zai iya shan irin wannan kwana ba sam.

(b) Kwata da rami. Yawancin lunguna kwata na bi ta tsakiya ko ta gefe. Babur in tayar gaba ta faɗa rami ta baya tana riƙe da shi. Mai ƙafa ɗaya in tayarsa ta faɗa, duka ya faɗa.

(c) Yashi da rani, taɓo da damina. Wurin da ya ke taɓa ƙasa ɗaya ne. In ya zame, juyawa da tsayawa sun tafi tare.

(d) Tudu da gangare, kamar na unguwannin gindin Dala da Goron Dutse. Hawa yana cin ƙarfin inji, gangara tana ƙara wa birki aiki.

(e) Cinkoso. A bakin Kurmi, ko wajen Babban Masallaci ranar Juma'a, tafiya sai taku-taku, ga masu baro, ga 'yan garuwa da kurarsu, ga awaki. Mun riga mun ga ƙaramin gudu shi ne inda wannan abu ya fi tangaɗi.

(f) Shiru. Mai likkafa ba ya ƙara kamar babur. Makaho, da tsoho, da yaron da ya fito soro a guje ba za su ji zuwansa ba. Doki kuma ya kan firgita da baƙon abu mai wucewa da sauri.

(g) Tufafinmu. Babbar riga, da mayafi, da bakin zane suna iya shiga tsakanin taya da murfinta, ko tsakanin zobe da ƙananan tayoyinsa.

A tuna kuma, in mahayi ya faɗi, abin ba ya faɗuwa tare da shi kullum. Ya kan ci gaba da garawa shi kaɗai, da nauyinsa, har ya sami abin da zai tsai da shi. Sau da yawa ƙwaurin mutum ne.

9. BATIR DA GOBARA

Batirin mai likkafa irin na wayar hannu ne, sai dai ya ninka shi girma ƙwarai. In ya bugu, ko ruwa ya shige shi, ko an yi masa caji da na'urar da ba tasa ba, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa, mai mugun hayaƙi. Zafi yana ƙara wannan haɗari, ga shi kuwa da bazara zafin Kano ya kan haura 40 a ma'auni. Saboda gobarar batir ne hukumar sufuri ta birnin Landan ta hana shiga jiragenta da motocinta da irin waɗannan abubuwa tun watan Disamba 2021.

A gidajenmu na cikin birni ƙofa ɗaya ce, ta soro. Kada a yi cajinsa a soro, gama in ya kama ya tare wa mutanen gida hanyar fita. Kada a bar shi bisa caji a kwanta barci. In ya fara kumburi, ko wari, ko hayaƙi, a fitar da mutane tukuna, sa'an nan a kira 'yan kwana-kwana.

10. ABIN DA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Cikin 2019 Faransa ta sa mai likkafa cikin dokar hanya, ta iyakance gudunsa ga kilomita 25 cikin awa. Cikin 2023 ta ɗaga shekarun mahayi daga 12 zuwa 14. Jamus a dokarta ta 2019 ta shar'anta ƙaramin abin hawa na lantarki ya zama yana da abin riƙewa da hannu, saboda haka mai likkafa bai sami izinin hawa hanyar jama'a ba. Singafo ta hana shi bin hanyar masu tafiya a ƙasa cikin 2020.

Mu ma muna da darasi a gida. Sa'ad da gwamnatin jiha ta hana acaba a birnin Kano cikin Janairu 2013, saboda tsaro, abin ya riga ya zama hanyar cin abincin dubban magidanta, hanin kuwa ya yi musu ciwo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Tsara ƙa'ida tun abu yana hannun mutum biyu ya fi sauƙi bisa ga bayan ya cika gari.

11. AIKIN HAKIMI

Kafa dokar hanya aikin gwamnati ne, tsare ta kuwa aikin 'yan sanda ne, da KAROTA, da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya wadda aka kafa cikin 1988. Amma Hakimi shi ne idon Sarki, shi ne kuma wanda iyaye ke jin maganarsa. Ana roƙon Hakimai, Allah ya ba su nasara, su yi waɗannan:

Na ɗaya, su umarci dagatai da masu unguwanni su kawo labari da zarar an ga irin wannan abu, ko ana ƙera shi, ko ana sayarwa, ko ana ba yara haya.

Na biyu, in matashi ne ya ƙera, kada a kore shi ko a yi masa dariya. Basira ce, ƙasa kuwa tana bukatarta. A kira shi da ubangidansa, a yaba masa, a bayyana masa abin da ke sashe na 4, a nuna masa fili a bayan gari inda zai yi gwaji ba jama'a.

Na uku, a ja kunnen iyaye kada a hau shi cikin lungu, ko kasuwa, ko ƙofar makaranta da masallaci, ko hanyar da dawaki za su bi ranakun hawa.

Na huɗu, mai koyo ya sa hular kwano mai kare haɓa, da takalmi rufaffe, da abin kare gwiwa da wuyan hannu, ya kuma tattare rigarsa. Ba goyo, ba kaya a ka, ba hawan dare.

Na biyar, in haɗari ya auku, kada a ja wanda ya faɗi ko a murɗa masa wuya. Wanda ya bugu a kai, in ya suma, ko ya yi amai, ko magana ta rikice masa, a kai shi asibiti ko da ba jini. Karaya kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗura ita ce 122.

12. AIKIN MALAMI

Rahoto mai kyau shi ke sa hukuma ta san inda za ta sa hannu. In malami zai rubuta labarin haɗari, ya sa waɗannan bi da bi: rana da lokaci, unguwa da wurin sosai, irin abin, mai zobe ne ko mai likkafa, sayo shi aka yi ko ƙerawa, shekarun mahayi, da ko ya sa hular kwano, halin hanya, watau kwalta, yashi, taɓo, rami ko gangare, abin da ya auku, ko inji ne ya mutu, ko birki ya juya da matuƙi, ko an kasa shan kwana, wanda ya ji ciwo, mahayi ne ko mai wucewa. Ya raba abin da shaidu suka gani da idonsu da abin da suka ji a bakin wani. Ya ajiye kwafe ɗaya a ofishin Hakimi.

TAMBAYOYI

1. Don me baro ba ya faɗuwa, alhali ƙafarsa ɗaya?
2. Bayyana abin da ke samun matuƙin mai zobe in ya danna birki gaba ɗaya.
3. Mene ne bambancin mutuwar injin babur da mutuwar injin mai likkafa ana cikin tafiya?
4. In abin hawa yana tsayawa cikin mita 5 bayan kama birki a gudun kilomita 15, cikin mita nawa zai tsaya a gudun kilomita 30?
5. Faɗi wurare uku a gundumarku inda bai kamata a hau wannan abu ba, da dalilin ko wane.

Ana roƙon malamai su karanta wannan darasi ga dagatai da masu unguwanni ranar taronsu, su kuma gwada musu misalin kwabo da na bokiti a gabansu, gama gani ya kori ji.

Allah ya kiyaye mu da jama'armu daga haɗari, amin.